Kwana Biyu a Bisa Tsohon Garinmu

Mutane sukan ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gaskiya suka faɗa. Amma galibi in an ambaci tafiya, sai hankalin mutum ya koma Ikko, ko Makka, ko birnin Landan. Ni kuwa tafiyar da ta fi kowace buɗe mini ido ba ta kai mil 3 daga ƙofar gidanmu ba. Kwana biyu na yi cikin jirgin ruwa, jirgin yana tsaye wuri ɗaya, ina hangen itatuwan garinmu, har ina jin muryar ladaninmu. Labarin wannan 'yar tafiya nake so in ba ka, ya kai mai karatu, ko Allah ya sa ka sami abin tsinta a ciki.

Garinmu yana bakin Tafkin Kainji ta wajen gabas, kudu da Yelwa, cikin ƙasar Yawuri. Amma ba nan ne asalinmu ba. Kakanninmu Gungawa ne, watau mutanen da ke zaune a tsibiran tsakiyar Kwara, suna noman albasa da hatsi, suna kuma su. A shekarar 1964 aka soma gina madatsar ruwa a Kainji domin a sami wutar lantarki, aka gama a 1968. Da aka tare kogin, sai ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon mil 80 da 'yan kai. Ya cinye tsohuwar Busa, ya cinye tsibirai da ƙauyuka masu yawa, har da namu. Mutum wajen 44,000 aka tasa, gwamnati ta gina musu sababbin garuruwa a kan tudu. A ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa aka haife ni. Saboda haka tun da na buɗe ido tafki na gani, ban kuwa taɓa ɗaukarsa a bakin kome ba sai wurin wanka da kamun kifi.

Ina da baffa, ƙanen mahaifina, wanda yake da shekara 15 sa'ad da aka tashe su. Ya daɗe yana roƙona in kai shi daidai inda garinsu yake, ya kwana a wurin. Kullum ya faɗa sai in ce, "To, Baffa, sai an sami sarari." A zuciyata kuwa cewa nake yi rikicin tsufa ne, gama me za a gani a can in ba ruwa ba? Ana nan, ran nan sai wani tsoho, abokin wasansa tun na tsibiri, ya riga mu gidan gaskiya. Da aka tashi daga zaman makoki, Baffa ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, yau saura ni kaɗai na san wurin nan. Ga idona kuma ya soma hazo. Ran da ya rufe, ko ina da rai wurin ya ɓata ke nan, ga shi kuwa kakarka tana can kwance." Ban sami abin da zan ce masa ba. Sai na sa rana.

Na so mu ɗauki jirgi mai inji, mu je mu komo kafin azahar. Baffa ya ce faufau, shi ba ya zuwa gaida iyaye da hayaniya. Saboda haka muka nemi wani Basarke, maƙwabcinmu, wanda yake da jirgin katako mai faɗi, tsawonsa gaba 5, da 'yar rumfar tabarma a tsakiya. Jirgin nan da iska yake tafiya. An ɗinke waɗansu buhuna wuri ɗaya sun zama babban zane, ana ɗaura shi a doguwar gora, a kafa gorar kusa da goshin jirgin, in iska ta cika zanen sai ta yi ta tura shi. Muka yi guzurin shinkafa, da albasa, da barkono, da man gyaɗa, da gawayi, da ruwan sha jarka 2, da barguna, da fitilar ƙwai, da tocila, da rigunan ceto 3.

Muna cikin lodi sai ga yara biyu suna nishi, sun ɗauko wani tsohon dutsen niƙa da ke yashe a bayan rumbunmu tun ina yaro. Na ce, "Baffa, wannan kuma na mene ne? Ai nauyi zai ƙara mana." Ya ce, "Da me kake so mu tsai da jirgin? Manyan jirage suna da ƙarfe mai ƙugiya, mu kuwa dutse ne namu." Mai jirgi ya juya dutsen ya duba, ya ce zai yi, ya ɗaure shi tam da igiya ta tsakiya, inda niƙa ya cinye.

Muka tashi ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, cikin watan Janairu na 2023. Hunturu ne, iska tana busowa daga arewa maso gabas, watau daga bayanmu, hazo kuwa bai yi kauri ba. Muka karanta addu'ar shiga jirgi, mai jirgi ya ware zanen, ya koma baya ya riƙe filafili yana gyara hanya. Wanda bai taɓa shiga irin wannan jirgi ba, ba zai gane daɗinsa ba. Ba ƙara, ba warin mai, ba abin da kake ji sai ruwa yana tsagewa a gaba, da gorar tana ɗan kuka in iska ta ƙara ƙarfi.

Da muka yi nisa kaɗan, Baffa ya ce mini, "Zo kusa, yau kai ne idona." Sa'an nan ya koya mini alamun da yake gane wurin da su tun yana yaro. Akwai wata babbar kuka a bayan garinmu, wadda ta girmi garin nesa ba kusa ba, bayanta kuma can akwai tudu mai tsagi. Ya ce mu bi har kukar ta shiga cikin tsagin. A gaɓar yamma kuma akwai dutse mai kai biyu, da wani jan gefe na ƙasa a gabansa. Ya ce in jan gefen ya zo daidai ƙarƙashin ƙaramin kan, to, mun iso. Ka ga hikimar abin: alama ɗaya hanya kawai take nuna maka, sai ta biyu ta gitta ta sa'an nan za ka san inda za ka tsaya. Ina duba gaba, ina duba baya, har na ga duka biyu sun daidaita, na ce, "Baffa, ga su!" Ya ce, "A sauke zane."

Mai jirgi ya zura dutsen a hankali, yana auna igiya da hannuwansa, ya sami zurfin wurin gaba 6. Amma bai ɗaure a nan ba, sai da ya saki igiya har gaba 18. Na tambaye shi dalili. Ya ce in igiya ta yi gajarta, kowace taguwar ruwa da ta ɗaga jirgi sai ta ɗaga dutsen, jirgi ya yi ta ja da baya mutum bai sani ba. In kuwa ta yi ninki uku na zurfin, a kwance take jan dutsen, shi kuwa sai ya ƙara nutsewa cikin laka. Tun ran nan na san ba nauyin dutse kaɗai ke riƙe jirgi ba, har da sakin igiya.

Da rana ta faɗi iska ta kwanta, tafkin ya yi lumui kamar an shimfiɗa tabarma. Muka hura gawayi a murhun da aka girka cikin kwanon yashi, don kada wuta ta taɓa katako. Muna cikin dafa shinkafa sai kiran sallar magariba ya iso mu ta bisa ruwa, tar kamar ladanin yana cikin jirgin. Salla kuwa ta zo da tata wahala, gama jirgin da ke ɗaure da igiya ɗaya ba ya zama fuska ɗaya, juyawa yake yi yadda iska ta so. Ka kabbarta kana duban gabas, kafin ka kai raka'a ta biyu ka ga kana duban kudu. Baffa ya ce in riƙa lura da fitilun garinmu, tun da suna gabas da mu, in jirgi ya juya ni ma in juya.

A daren nan na fara ganin garinmu. Kada ka yi mamakin wannan magana. Shekara 40 da wani abu ina cikinsa, amma wanda ke cikin gari bango yake gani da lungu, ba ya ganin garin. Daga cikin jirgi kuwa sai na ga duka ɗan abu ne, 'yan fitilu jere a bakin ruwa, waɗanda zan iya rufe su da tafin hannuna. A cikin ɗan wannan wuri ne duk rigingimunmu suke, da gardamar iyakar gona, da gabar da nake yi da wani ɗan'uwana shekara 3 saboda rancen da bai biya ba. Sama kuwa cike take da taurari, ba farin wata, ga Kaza da 'Ya'yanta a bisa kanmu. Sanyi ya sauko, na ƙudundune cikin bargo, na daɗe ban yi barci ba.

Da gari ya waye ran Asabar, mai jirgi ya jefa birgi ya kamo karfasa 7 da ƙurungu 2, muka gasa muka karya kumallo. Na lura ruwan garau yake, ba kamar na damina ba, wanda yake fari fat da laka. Baffa ya ce ai wannan shi ne baƙin ruwa. Kwara sau biyu take cika a shekara. Cikar farko ita ce farin ruwa, na ruwan saman da aka yi a ƙasashenmu na kusa, mai zuwa da laka wajen ƙarshen damina. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, mai zuwa da hunturu, sa'ad da ko ɗigo ba a yi a nan. A makaranta na karanta dalilinsa. Ruwan sama ne da ya zuba a duwatsun ƙasar Gini, inda kogin ya faro. Sai ya gangara ƙasar Mali, ya bazu cikin fadamun Masina, ya zubar da lakarsa a can, kana ya biyo ta Tambutu da Gawo da Yamai, ya yi watanni a hanya kafin ya iso mana. Na faɗa wa Baffa haka, ya yi dariya ya ce, "To, kai ka san inda ya fito, ni na san ranar zuwansa. Da mun haɗa kai tun da wuri, da mun zama malami guda."

Daga nan ya shiga nuna mini garin. Ya miƙa hannu bisa ruwa ya ce nan ne mashigi, inda ake ɗaure jirage. Nan wata tsamiya take, inda dattawa ke zama. Nan gidan maƙeri, nan gidanmu, can kuma ta kudu makabarta. Ni ban ga kome ba sai ruwa, amma shi yana bin lungu lungu, yana kiran masu gidaje da sunayensu, da sunayen matansu, da wanda ya auri 'yar wane. Sai na tuna da ɗan littafin rubutu da ke aljihuna. Na fitar da shi na ce, "Baffa, koma daga farko." Muka wuni yana faɗa ina rubutawa. Gida 31 na rubuta, na zana taswirar garin yana gyara mini, na kuma rubuta alamun nan biyu dalla dalla. Da na karanta masa abin da na rubuta, ya karɓi littafin ya shafa shi da hannu, ya ce, "Ashe garin zai shiga aljihu."

Da la'asar hira ta kai mu ga Turawan farko da suka biyo kogin nan. A Busa ne Mungo Park ya halaka a shekarar 1806, inda jirginsa ya makale a duwatsun kogi. A 1830 kuma waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo har birnin Yawuri suna neman takardunsa, daga baya suka bi kogin har inda ya faɗa teku. Duwatsun nan da suka ci Mungo Park yanzu suna ƙarƙashin tafki, kamar garinmu. Mai jirgi ya ce, "Shi wannan ya bar ƙasarsa ya zo neman inda ruwa ya tafi, mu kuwa ruwa ne ya zo ya same mu har ɗaka."

A dare na biyu ne na yi abin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Mun raba tsaro, aka ba ni na tsakar dare, aikina shi ne in lura da fitilar da muka rataya a gora. Na zauna na jingina, sanyi yana kaɗawa, jirgi yana lilo, ban san sa'ad da barci ya sace ni ba. Iska ta kashe fitila. Can sai na ji Baffa yana girgiza ni yana cewa, "Inji! Inji!" Idonsa ya raunana, amma kunnensa bai raunana ba. Wani babban jirgin kaya ne ya nufo mu cikin duhu, shi ma ba fitila. Na laluba tocila na rasa. Mai jirgi ya zabura ya ɗauki kwano da ludayin ƙarfe ya yi ta bugawa yana ihu, ni kuwa Allah ya sa hannuna ya faɗa kan tocilan, na haska sama da ƙasa. Jirgin nan ya kauce, ya wuce mu da abin da bai fi gaba 3 ba, taguwarsa ta watso mana ruwa har ta kashe sauran gawayi. Muka ɗauki ƙwarya muka yi ta kwarfe ruwa, ba mai magana.

Ba wanda ya zage ni, wannan kuwa ya fi zagi zafi. Na tuna da jirgin da ya kife kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, cikin watan Mayu na 2021, ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. A cikin tafkin nan namu ne. Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda zai kwana bisa ruwa kada ya ce ai kusa da gida ne. Ruwan da ke ƙofar gida da na nesa duk ɗaya ne wajen cin mutum. A kunna fitila, a sa rigar ceto, kada a yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa, wanda aka ba tsaro kuwa ya tsaya da ƙafafunsa.

Barci bai sake zuwa ba. Wajen asuba na ji Baffa ya matsa gefen jirgi ta kudu, yana magana ƙasa ƙasa. Na kasa kunne, sai na ji ba Hausa yake yi ba, Gunganci ne, harshen da uwarsa ta yi masa reno da shi. Ya daɗe yana yi, wani lokaci kamar mai ba da labari, wani lokaci kamar mai ba da haƙuri. Ban fahimci kome ba sai sunan mahaifina da nawa. Mu da aka haifa a sabon gari Hausa muka tashi da ita, ba mu kuwa damu mu koyi wancan ba. Ran nan na san ba gidaje kaɗai ruwa ya rufe ba. Da ya gama, muka ɗaga hannu tare muka yi wa mamatan addu'a.

Ran Lahadi na ƙosa mu koma, gama Litinin ina da aiki. Amma iskar da ta kawo mu tana nan tana busowa daga wajen gida, irin wannan zane kuwa ba ya tafiya sai inda iska ta nufa. Mai jirgi ya ce in muka ce za mu yi tuƙi gaba da ita, sai mu gaji ba mu ci rabin hanya ba, gara mu jira ta faɗi. Na yi ta duban agogo ina tsaki. Baffa ya ce, "Ga gida kana gani, me kake wa gaggawa? Mu da muka jira shekara 55?" Na ji kunya na ajiye agogon cikin aljihu.

Bayan la'asar iska ta kwanta. Muka kama igiya ni da mai jirgi muka yi ta ja, har ta miƙe tsaye, daga nan ta ƙi motsi. Muka zaga ta dama, muka zaga ta hagu, a banza. Mai jirgi ya ce dutsen ya sarƙe a cikin itace, gama ƙarƙashin tafkin nan cike yake da itatuwan da ruwa ya shanye, su ne ma kan yaga taru su fasa jirage. Ya tuɓe riga zai nutsa. Baffa ya riƙe hannunsa ya ce, "Ba za ka shiga ba. Ba ni wuƙa." Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, dutsen nan na kakarka ne. Shekara guda kafin a tashe mu ta rasu. Ran tashi kowa ya ɗauki abin da yake so, ni kuwa shi na ɗauka a ka har cikin jirgi. Ya yi baƙunci ya isa." Ya sa wuƙa ya yanke igiyar da hannunsa.

Ko tsamiyar dattawa ce ta riƙe shi, ko wani itace ne dabam, Allah kaɗai ya sani. Muka ɗauki filafilai muka kama tuƙi. Tafiyar da iska ta yi mana cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba, sai da ta ci mana sa'a biyu, hannuwana duk suka yi bororo. Ana kiran sallar lisha muka taɓa gaɓa. Kafin in shiga gida na biya ta gidan ɗan'uwan nan nawa, na yi masa sallama, karo na farko cikin shekara 3.

Da daminar wannan shekara Baffa ya cika, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Da hunturu ya kewayo, cikin Janairu na 2024, na ɗauki babban ɗana da littafin nan, muka shiga jirgin Basarke. Na sa yaron ya nemo alamun da kansa, ya sa kuka cikin tsagi, ya sa jan gefe ƙarƙashin ƙaramin kai, ya ce, "Baba, ga su!" Muka auna, muka sami gaba 6.

To, ya kai mai karatu, kai da Allah ya ba ka sanin karatu da rubutu, watakila garinku ba ruwa ne ya ci shi ba. Amma babu gidan da ba shi da tsoho mai wani abu a ka wanda ba kowa ya sani ba, ko sunayen kakanni, ko iyakar gona, ko wani harshe da ke shirin ɓacewa. Kada ka ce masa sai an sami sarari, kamar yadda na yi ta faɗa. Nemi takarda da fensir, ka je ka zauna kusa da shi tun yana iya nuna maka. Allah ya sa mu dace, amin.